Samira Uku da Ciwon Kan Inna

Tun ranar da muka dawo ban huta ba. A makaranta, a wurin ɗibar ruwa, har a layin niƙa, tambayar ɗaya ce: "Luba, yaya Goronyo? Luba, wai da gaske Innarku ta faɗi a Wurno? Luba, ina tsarabarmu?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. Jiya na ji wata tana rantsuwa cewa jirgin sama ne ya zo ya ɗauki Inna. To ga shi na rubuta. In ma gishirin za a ƙara, ni ce mai labari, ni zan ƙara abina.

Sai na fara da yadda Babbar Sallah take a gidanmu a Achida, don wanda bai san wannan ba ba zai gane tafiyar ba. A gidajen mutane Sallah hutu ce. A gidanmu yaƙi ne, kuma Inna ce kwamanda, ita ce soja, ita ce kuma wadda ake harbi. Inna tela ce, a gida take ɗinki. Tun watan Sallah bai kama ba mata ke cika mana tsakar gida da atamfa da leshi, kowacce tana rantsuwa nata ne na gaggawa. Inna ba ta iya cewa a'a ba. Ko akuya ce ta shigo da yadi a baki, Inna za ta ɗauko tef ta gwada ta. Keken nan kuwa ba ya shiru. Abinci a tsaye take cinsa, in ta tuna da shi ke nan.

Bara aka gaya mata tana da hawan jini. Malamar asibiti ta ba ta ƙwayar da za ta riƙa sha kullum, ta ce ta rage gishiri, ta samu isasshen barci, ta daina sa abu a rai. Inna ta ce to. Amma Inna tana da amsa guda da take ba kowa a kan komai: "Bayan Sallah." Inna, ki huta. Bayan Sallah. Inna, ƙwayarki. Bayan Sallah. Na tabbata da ciwon zai yi sallama a ƙofar gida, cewa za ta yi ya dawo bayan Sallah.

Mu 'yan gida mun san alamun. In ka ga ta ɗaure kai da ɗankwali tamau har girarta ta ɗaga sama, to ƙeya ce ke sara mata. Daga nan sai faɗa: da ni, da yayana, da kaza, da zaren da ya tsinke. Ta yi ta neman almakashi alhali yana hannunta. Ana jibi Sallah ta zuba wa Baba gishiri a koko maimakon sukari. Baba ya kurɓa, ya dubi ɗankwalin, ya shanye kayansa tas, har da cewa an gode.

Ranar Sallah maza suka yi tareni a ƙofar gida, raguna a tsire a jere suna fuskantar wuta. Washegari aka shigo da namu aka sassara, sai aikin Inna na gaske ya tashi, wato suya. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kasko. Ita za ta daka citta da tafarnuwa, ita za ta tsaya a kan wuta cikin zafin nan na farkon damina da ke sa mutum ya ji kamar shi ake soyawa. Da ta gama ta cika kwanukan samira uku. Ɗaya na Gwaggo Tumba, yayar Baba, a Rabah. Ɗaya na Iya Kulu, ƙanwar Inna, a Wurno. Mafi girma kuma na Kaka, mahaifiyar Inna, a Goronyo. Kowace shekara da ƙafarta take kaiwa.

Baba ya ce, "Ki ba direba shi kai. Duba idanunki, sun yi ja kamar barkono."

"In ban kai da kaina ba su ce na yi girman kai? Ni as babba. Bayan Sallah na huta."

"Sallar ta wuce jiya."

"Tawa ba ta wuce ba."

Sai Baba ya ja ni gefe ya damƙa mini ƙwayoyin a leda. "Luba, na san ba ki da aiki sai surutu. To yau na ba ki aiki. Ki ga ta sha wanga kullum, ki ga ta zauna. Yadda tat tahi da ƙahwahunta, haka nike son ta dawo." Ya faɗa da murmushi, amma muryarsa ba ta murmushi ba. Nan na gane ba yawon cin nama kawai aka tura ni ba.

Motar Rabah ƙarama ce, amma direbanta mutum ne mai babban buri. Ya zuba mu ciki kamar yana ɗura albasa a buhu, in ya ga ɗan fili sai ya girgiza mu ya ƙara wani. Ni na zauna rabi a kan kujera rabi a kan wata tsohuwa da ta ce ba komai, ai ta saba goyo. Samira uku suna kan cinyata, ƙamshi yana shiga hancina kai tsaye. Ku shaida, ban taɓa ba. Tsoka ɗaya ce kawai ta matso bakin murfi da kanta, na ga za ta faɗi, na cece ta.

An yi ruwa kafin mu taso, manoma duk sun fita shuka, hanya kuma ta yi laka a wasu wurare. Wuri guda motar ta kafe, maza suka fita turi, wani mai sabuwar shadda fara ya tsaya daidai bayan taya. Da motar ta fizga, shaddar nan ta koma kalar kunun kanwa. Ya dawo ya zauna yana ta kallon shaddarsa har Rabah. A shingen jami'an tsaro na gyara zama, don na ji an ce mun shiga ƙasar wata ƙaramar hukuma, ina jira a tambaye ni fasfo. Jami'in ya leƙo, ya ce barkanmu da Sallah, ya ɗaga mana hannu. Inna ce ma ta tsayar da direba ta buɗe samira ta miƙa masa nama, wai ɗan mutane yana tsaye a rana.

Gwaggo Tumba ta tarbe mu da guɗa kamar an kawo amarya. Mutanen Rabah akwai gaisuwa. Mu a Achida mun saba da 'yan wucewa, gaisuwarmu a kan tafiya ake yinta. A can kuwa sai an tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi shuka, a dawo kan gajiyar a ga ko ta canza ra'ayi. Kafin Inna ta gama shan ruwa Gwaggo ta yafa mayafi.

"Tashi mu tahi, matar ƙanena. Gidan Malam sun san kin zaka. Ga gidan da anka yi haihuwa, ga gidan da anka yi rasuwa da azumi. In kin shiga wanga kin bar wancan, ni za a zaga."

Na ce, "Gwaggo, Baba ya ce ta zauna."

"Ke rufa min baki, uwar iyayi. Ubanki ni nig goye shi."

Haka muka shiga gari da rana tsaka. Inna kuma ba ta shiga gida hannu sake. Samirar Gwaggo ta riga ta shige ɗaki, sai Inna ta buɗe ta Iya Kulu tana ɗiba tana rabawa. Ga kuma al'adar da kowa ya sani: ba a mayar wa mutum kwano ba komai. Duk gidan da muka ba su nama, sai sun zubo mana nasu, wani lokaci ma fiye da wanda muka kai. Kuma duk gidan sai an ajiye mana faranti an ce sai mun ci. Inna tana taɓa kaɗan don kunya, naman kuwa gishiri ne zalla. Ni na ga bai dace a bar mutane da abinci ba, na sadaukar da kaina. Kafin la'asar cikina ya yi tauri kamar ganga, in na taka sai in ji raguna suna karo a ciki. Ranar ni da bayin gidan Gwaggo mun zama aminai. Ku da kuke dariya, na san Sallar nan babu wadda ba ta yi irin wannan zumuncin ba.

Naman da aka zubo mana ya yi yawa har Gwaggo ta wanke wani bokitin fenti ta juye mana shi ciki, ta ƙara da nata suyar. Wato mun fito don mu rage kaya, sai ga kaya sun haihu. Ɗakin da muka kwana kuwa cike yake da baƙi, na wayi gari da ƙafar wata yarinya da ban sani ba a wuyana. Da safe na miƙa wa Inna ƙwayarta, ta ce bari ta yi wa Gwaggo shara tukuna. Na bi ta da kofi har bayan rumbu kafin ta sha.

Wurno tun daga tasha hanci ke gaya maka ka iso: albasa da tafarnuwa ko'ina. Muka hau kabu-kabu biyu, Inna da samirori, ni da bokiti a ka kamar mai tallar fenti. Mai mashin ɗina yana tuƙi yana ba ni labarin shinkafarsa ta fadama, yana juyowa don ya ga ko na fahimta. Na ce masa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don Allah ya dubi gabansa. Sauron Wurno kuma ban san mi suke ci ba, sai dai in shinkafar ce. Ɗaya ya sauka a hannuna da rana ƙiri-ƙiri, na ji nauyinsa kafin cizonsa.

Iya Kulu ba irin Inna ba ce. Ita mutum ce da in rufin ɗaki ya faɗo za ta matsa gefe ta ci gaba da hira. Da ta ga Inna sai ta riƙe haɓa.

"Yaya, mi as same ki? Kin ga huskarki?"

"Gajiyar mota ta."

Inna ta jawo samirar Iya Kulu, ta tuna babu komai ciki, an rabar a Rabah. Iya Kulu ta ce wallahi a bar shi, nama ya ishe su. Inna ta ce a gaban surukan ƙanwarta? Ta buɗe babbar samirar Kaka ta zuba mata, ta ɗebar wa surukai, ta ɗebar wa maƙwabta. Su ma suka zubo nasu, bokitina ya ƙara ƙiba. Sai da aka natsa Inna ta leƙa samirar Kaka. Ƙasusuwa ne 'yan kaɗan suke kallonta.

Na ga hannunta ya tafi ƙeya. Na ga ɗankwali ya ƙara ɗaurewa.

Na ce, "Inna, ga bokiti cike. Mu juye ma Kaka mana."

Kallon da ta yi mini, da kaza ce ni da na mutu nan take. "Abin da anka ba ka, shi za ka ɗauka ka kai ma wani? Uwata guda? Wadda tas san suyata tun ina yarinya? Kulu, akwai sauran ɗanye?"

Akwai wata cinya da ba a soya ba. Iya Kulu ta yi magiya, ni na yi magiya, na ambaci sunan Baba har ya kusa tsufa a bakina. Inna ta hura wuta. Rana tana dukanta ta sama, wuta ta ƙasa, tun safe kuma ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa. Ina tsaye da mafici ina yi mata fifita, sai na ji ta ce, "Luba, wa ak kashe rana?" Ta miƙa hannu kamar mai laluben bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

A nan ba zan ƙara gishiri ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ledar ƙwayoyin tana ɗaure a bakin zanena, maganar Baba tana kunnena, ni kuwa ba abin da nake sai kiran sunanta. Iya Kulu ce ta yi ta maza. Ta kwance ɗankwalin, ta sa aka kira mai mashin, muka kai ta asibiti tana jingine a jikin ƙanwarta.

Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce jinin ya hau sosai. Ta tambayi barci, Inna ta kau da kai. Ta tambayi ko kullum take shan ƙwaya, Inna ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Matar ta ce duk Sallah haka suke cika da mutane: rashin barci, tsayuwa a kan wuta, nama mai gishiri safe da rana, ga tunanin kada wane ya ji haushi, kada wance ta yi magana. Ta ce ciwon nan ba ya sallama, wani sai dai a ga ɓarin jiki ya shanye. Ta ce, "Hajiya, aikin da mutum huɗu za su yi, ki bar ma mutum huɗu. Wanda yaj ji haushi, haushi ba shi kwantar da mutum asibiti." Ta ba ta magani, ta sa ta kwanta har jinin ya ɗan sauka, ta ce ta je gida ta huta, in an isa Goronyo a sake aunawa.

Da muka dawo gida Inna ta yi barci, sai muka tuna da kasko. Cinyar nan ta koma gawayi, ko kare ya shinshina sai ya yi Allah ya isa. Iya Kulu ta dubi kaskon, ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Ɗiyata, kin iya riƙe baki?"

"Ban taɓa gwadawa ba, Iya, amma yau sai in hwara."

Muka juye naman bokiti a samirar Kaka. Bai kai baki ba, Iya Kulu ta shiga ɗaki ta kwaso wani daga cikin wanda aka yi ta aiko mata ta cike. Na ɗaure samirar a ɗankwali, na yi mata ƙullin da ko ni sai da haƙori. Da Inna ta farka ta tambayi suya, Iya Kulu ta ce, "An gama, Yaya, ga ta can ɗaure." Ni kuwa na shiga tari. Inna ta gargaɗe mu kada wanda ya gaya wa Kaka zancen asibiti.

Sai da ta ƙara kwana ta ɗan warware muka kama hanyar Goronyo, da hantsi, don yanzu ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Duk ramin da mota ta faɗa sai samirar ta yi ƙara a cinyata, gabana ya faɗi tare da ita. Goronyo garin ruwa ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mutane a tasha suna cin kifi, ana tsakiyar Babbar Sallah. Na tambayi wani ko ba su yi layya ba ne. Ya ce sun yi, cikinsu ne ya nemi sulhu. Na ce Allah sarki, nawa ma ya aiko da takarda.

Kaka tana zaune a tabarma a ƙarƙashin darbejiya. Da ta hango ni ta ce, "Ga ɓarauniyar nama ta iso, a ɓoye tukwane." Na ce, "Tsohuwa, ke har yanzu kina nan? Na zaci kin bar min gadon." Inna kuwa ko kallon kirki ba ta samu ba. Ita ce 'yar fari, kuma Kaka irin mutanen da ce: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye in da mutane. In tana son gaya mata abu sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko bango, ko akuya. Ni ba 'yar fari ba ce, shi ya sa sunana ke shan wahala a gidanmu.

Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta tura samira gabanta, idonta har ya fara neman tsintsiya. Kaka ta yi fama da ƙullin, ta ɗaga murfi, ta sunkuya ta shaƙa. Ta daɗe a sunkuye. Ni na fara auna nisan ƙofa.

Ta ɗauko tsoka ɗaya. "Luba, wanga na Tumba na. Gishiri kamar ta yi hwaɗa da mai shi." Ta ajiye, ta ɗauko wata. "Wanga ban san mai shi ba, amma Allah shi shirye ta, ba ta bari mai ya tsane ba." Inna ta juyo ta dube ni a hankali. Sai Kaka ta zaro wani yanka dogo siriri kamar yatsa, ta juya shi, ta kai hanci. Kafaɗunta suka fara rawa.

"A'a! Sannu da zuwa! Kai ba kai nis sallama a tasha ba? Har ka gama yawon Sallar ka dawo gida?"

Namanta ne. Duk faɗin ƙasar nan ba mai yanka nama haka ya shafe shi da daddawa sai Kaka. Ita ta aika wa Iya Kulu ta hannun direba, Iya Kulu kuma ta kwaso ba ta duba ba. Ya je Wurno, ya sha iska, ya hau cinyata ya koma wurin mai shi.

Kaka tana dariya har da hawaye. Inna ba ta dariya. Fuskarta ta canza, hannunta ya kama hanyar ƙeya, ta ce, "Luba." A irin muryar da ke zuwa kafin a nemi muciya. Na ga in na yi shiru kunya za ta sake tayar mata da jinin a gabana. Riƙon bakin da na yi wa Iya Kulu alkawari ya ƙare a nan. Na zazzage komai: Rabah, bokiti, kasko, faɗuwa, asibiti, gawayi.

Dariyar Kaka ta tsaya cak. Ta ajiye naman. Sannan ta ce, "Luba, matso. Duba nan." Ta wangale baki. Dasashi ne fal, sai haƙori ɗaya can gefe yana gadin wurin.

"Tambayi uwarki, da mi nike cin naman da take kawowa?"

Na juya na ce, "Inna, wai da mi..."

"Na ji," in ji Inna, a hankali.

"Gaya mata yaran maƙwabta ka cinye shi, shekara da shekaru. Gaya mata kowa juyawa shikai. Tumba na juyawa, Kulu na juyawa, ni ma nan in an kawo na gabas in ba na yamma. Ba wanda yam mutu. Ita ɗai ta ka tsayi bisa wuta har ta hwaɗi." Ta ja numfashi. "Gaya mata ni ba kwano nike jira ba. Kowace shekara ta zaka, ta aje, ta ɗauki tsintsiya, ta hita gaisuwa, ta hau mota. Ƙeyarta ɗai nike gani. Na tsuhwa, ina son in ga huskar."

Wannan ban maimaita ba. Ba a buƙata. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Na zaci kuka ne, kuma kukan ne, amma can sai na ji ya rikiɗe ya koma dariya. Ta ce, "Wato har da na Tumba." Kaka ta ce wa darbejiya, "Har da na Tumba."

Daga nan Kaka ta karɓi mulki. Ta sa na kwaso takalman Inna da mayafinta na fita, ta tura ƙarƙashin katifarta ta zauna a kai. Wayar Inna, da mata masu ɗinki suka fara kira tun muna hanya, ta ce in kashe in ɓoye. Duk mai son gaisawa da Inna shi ya zo, kuma abin mamaki, suka zo, ba wanda ya ce ta yi girman kai. Abinci kuwa miyar kifi ce mai ɗan gishiri kaɗan, da kwaɗon zogale, da fura ba sukari. Ƙwaya a gaban Kaka ake shanta da safe, ba sai na bi kowa bayan rumbu ba. Ranar farko Inna ta kwanta bayan azahar ta yi barcin da sai da na je na sa yatsa a hancinta don in tabbatar. In rana ta yi sanyi Kaka ta saki takalman, mu taka a hankali zuwa bakin ruwa mu ga masunta mu dawo. Sauran lokacin suna kan tabarma su biyu, Kaka tana ba akuya labarin ƙuruciyar Inna, Inna tana gyara wa akuyar inda aka yi kuskure.

Da muka je aka sake aunawa, mai awon ya ce jinin ya sauko, a ci gaba da abin da ake yi, kada a bar magani. Na lura ma ɗankwalin Inna ya koma zama sako-sako, har yana zamewa.

Ranar komawa Kaka ta fito da babbar samirar da kanta, an wanke ta tana ƙyalli. Ba ni ta miƙa wa ba, Inna ta miƙa wa. Inna ta karɓa da hannu biyu tana shirin jin nauyi, sai hannun ya tafi sama. Ta buɗe. Wayam. A gaban maƙwabta, uwa ta mayar wa 'yarta kwano ba komai.

Inna ta ce wa Kaka, "Hajiya, ba komi ciki."

Kaka ba ta dubi bango ba, ba ta dubi akuya ba, ba ta dube ni ba. Ta dubi Inna cikin ido ta ce, "Ke. Baɗi hakanga za ki zaka min da ita."

Mun iso Achida kafin la'asar. Baba yana ƙofar gida, ya dubi Inna tun daga ƙafa har kai, sannan ya dube ni ya gyaɗa kai. Ko zama ba mu yi ba wata mata ta faɗo da leshi, wai bikin ƙanwarta ya matso, a taimaka a yi mata a daren nan. Na ga bakin Inna ya fara haɗa "to". Sai ta dubi samirar da ke hannuna, ta ce, "Ba ni iyawa yau. In kina jira, sai wani sati." Ta shige ɗaki ta kwanta. Baba ya bi ta da sauri yana tambaya ko jikin ne. Ta ce lafiyarta lau, kwanciya kawai take yi. Ya fito yana ta mamaki kamar wanda ya ga kaza tana karatu.

Masu tambayar tsaraba kuma, ga samirar can a kan kabad, kowa na iya zuwa ta buɗe. Abin da ke ciki shi Kaka ta ba mu, kuma Inna ta ce ba ta rabawa.